Turancin Rashin Shiri a Kunnen Ɗan Zango

Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu na Zangon Wagadugu, unguwar da Mosawa ke kira Zangwetin, da wanda ya rage a tsakiyar gari, da wanda ƙaura ta kai Waga 2000 ko Niyoko, da direban da ke jin mu yanzu cikin kamyo tsakanin Po da Bolgatanga. Allah ya kai kowa gida lafiya.

Sharhinmu na yau a kan Ingilishi yake, kuma da dalili. Ranar 30 ga Disamba 2023 majalisar dokokin riƙon ƙwarya ta gyara tsarin mulkin Burkina Faso. Ta ɗaga harsunan ƙasa zuwa matsayin harsunan hukuma, ta mai da Faransanci harshen aiki, ta ajiye Ingilishi a gefensa da matsayi ɗaya. Wasu sun ji abin bambaraƙwai. Ɗan Zango kam bai ji ba, don tun kafin doka ta san da Ingilishi, cinikinsa ya san da shi. Kakanninmu fatake ta Fadan Gurma da Kufela suka riƙa bi da jakuna zuwa Salaga ɗaukar goron Gwanja. Jikokinsu yau ta Dakola da Paga suke fita, iyakar da ba ta kai kilomita 200 daga nan ba, su gangara Tamale da Kumasi har tashar jiragen ruwa ta Tema. Wasu Legas suke yi, wasu Dubai, wasu har Guwanzu ta ƙasar Sin.

Ƙidaya da farashi da gaisuwa ba sa wahalar da ɗan kasuwa. 'Yan watanni a hanya ya riƙe su. Inda ake barin sa a baya shi ne karin magana. Kowace kalma ya san ta, amma in aka jera su sai ya rasa inda aka dosa. Yau na ɗauko gida ɗaya daga karin maganar Ingilishi, wato waɗanda ake faɗa wa wanda abu ya riska ba shiri, da wanda hannunsa ko ƙafarsa ba saiti. Su ne ake jifan ɗan koyo da su: yaron mota, yaron shago, sabon ma'aikaci, mai tsaron raga. Wanda aka jefa da magana kuwa, haƙƙinsa ne ya san ko tsokana ce, ko gargaɗi, ko zagi.

Mu fara da hannu. Bature zai ce maka, "I am all thumbs." Thumb shi ne babban yatsa. Nufinsa yatsunsa biyar duk sun zama manya, babu siririn da zai shiga lungu. A ba shi zare da allura ko ƙaramin notin babur, ya yini yana fama. Magana ce tsohuwa, akwai irinta a littafin karin magana da John Heywood ya buga a 1546. Ƙanwarta ita ce "butterfingers," mai yatsun man shanu, wanda duk abin da aka miƙa masa sai ya suɓuce. Charles Dickens ya sa ta a bakin wani ɗan kallon wasan kurket a littafinsa na Pickwick a 1836, kuma har gobe a fagen wasa ta fi zama. Samarinmu da suka kamu da gasar Ingila tun Bertrand Traoré yana Chelsea da Aston Villa, wanda duk ke bin sharhin wasa da Ingilishi a cikinsu ya ji ta, ranar da gola ya kama ƙwallo ta zille masa ta shige raga. A gidajenmu uwa ce za ta dubi yaron da ya saki kwanon miya ta ce, "Kai, hannun naka ba ƙashi ne?" Nauyinsu ɗaya ne. Faɗa ne na cikin gida, ba wanda ke kai ƙara wurin mai unguwa a kansa.

Sai ƙafa. "Two left feet," ƙafar hagu biyu, ana faɗa wa wanda bai iya rawa ba, ko ɗan wasan da ƙwallo ke harɗewa. Wanda ya yi lakwal a nan zai tuna Bafaranshe shi da hannu yake yin tasa, "deux mains gauches," ga wanda bai iya aikin hannu ba. To a kula, ta Faransa tana hannu, ta Ingila tana ƙafa, kuma ba a ɗauko ɗaya a juya ta ɗaya harshen kalma bayan kalma. Dukansu dai hagu suka ɗora wa laifi, mu kuwa ba mu ɗauki bahago a kan wanda bai iya ba. A fagen dambe bahago abin shakka ne, in kuma muka ce bahagon mutum, mai wuyar sha'ani muke nufi. Abin da ke burge ni ga wannan magana shi ne galibi mutum da bakinsa yake faɗin ta a kan kansa. An jawo shi fili a wurin biki, sai ya ce ƙafafunsa duka na hagu ne, a yi dariya, a ƙyale shi ya koma kujerarsa da mutuncinsa. Hausa ma ta goyi bayansa tun tuni: da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wadda nake so mu daɗe a kanta ita ce "a bull in a china shop," don ita ce ke da rami a gaban ɗan Zango. Bull bijimi ne, shop kanti ne, wannan ba gardama. Matsalar tana ga china. Mu da kasuwarmu ta cika da kayan Sin, ɗan kasuwa na jin haka zai hango kantin Sinawa mai sayar da tocila da takalmin roba, har ya ɗauka ana zancen kaya marasa ƙwari ne. China a nan tangaran ne, faranti da kofin shayi masu fashewa, waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunan ƙasar da suka fara samo su. Ku ɗauka an yi wa amarya jere, tangaran da gilashi daga ƙasa har rufi, sai bijimin da aka sayo don layya ya tsinke igiya ya faɗa ɗakin. Ko bai zo da niyyar ɓarna ba, juyi ɗaya ya isa. Maganar tana cikin littafin Jacob Faithful da Frederick Marryat ya fitar a 1834. Bafaranshe giwa ya sa a madadin bijimi, haka ma Bajamushe.

Amma ma'anarta ta wuce fasa kwano. An fi faɗin ta ga wanda ya shiga al'amari mai son lallami da ƙarfin tuwo. An aike shi sulhu tsakanin miji da mata, ya dawo an yi saki. An tura shi neman sassauci wurin jami'in duwan, wato kwastan, ya fara da ɗaga murya, kayan da za su fita yau suka ƙara mako. Hausa tana da kalmomi birjik a nan: garaje, katoɓara, kasassaɓa, kwaɓa, kowacce da gefen da take kamawa. Kuma wannan ba sa'ar ta man shanu ba ce, suka ce ta gaske. In maigidanka a Tema ko Akara ya faɗe ta a kanka gaban mutane, kada ka taya su dariya. Gaya maka yake ba zai ƙara aiken ka inda ake buƙatar hankali ba.

To, mu koma ga rashin shiri, inda kowace magana ke ɗauke da warin sana'ar da ta fito. "Go off half-cocked" daga bindiga take, irin ta da, 'yar'uwar bindigar toka ta maharbanmu da ake ɗura wa albarushi ta baki. Kunamarta tana da matsayi biyu. Ana jan ta rabi don ta tsaya a kulle yayin da ake shiri, ana jan ta gaba ɗaya in za a harba. In ta tashi tana rabi, ta tashi kafin maharbi ya saita, ƙila ma ta ji wa na kusa. Haka ake kwatanta mutumin da ya ji ƙishin-ƙishin, bai bincika ba, ya je ya zazzaga wa abokin cinikinsa rashin mutunci, daga baya aka gano kuɗin suna nan, lissafi ne ya kuskure. Sauri ya haifi nawa.

"Wing it" kuwa ba ruwanta da fiffiken tsuntsu. Daga gidajen wasan kwaikwayon Ingila ta fito a ƙarni na 19, inda ake kiran gefen dandali da wannan suna. Ɗan wasan da aka ba rawar da bai haddace ba yakan tsaya a gefen yana leƙa takarda, ya shiga ya faɗa, ya fito ya sake leƙawa. Garinmu da ke karɓar bikin fina-finai na FESPACO tun 1969 ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Ita da "off the cuff," ta mai jawabin da ya rubuta 'yan kalmomi a bakin hannun rigarsa, ba lalle su zama suka ba. Wani lokaci yabo ne, kamar mu ce wane ya yi jawabin da ka, bai duba takarda ba. Sai in abin ya ƙi, sannan ya zama kame-kame da shaci-faɗi.

Yanzu ga zuciyar sharhin. Akwai jerin maganganu masu farawa da "caught," wato an kama ka, ɗalibai kuma kan ɗauka duk ɗaya ne, don sau da yawa fassarar Faransanci guda ake ba su. "Caught off guard" shi ne an shammace ka, kuma laifin ba lalle naka ba ne, gwani ma ana shammatar sa. "Caught napping" an same ka kana gyangyaɗi a bakin aiki, an ba ka tsaro ka yi sakaci. Wannan tuhuma ce. "Caught flat-footed" daga fagen wasa take, an tarar da kai dugadugai a ƙasa, kafin ka ɗaga ƙafa abokin karawa ya wuce. Tana tsakanin biyun. Ta huɗu, "caught with your pants down," an riske ka wando a ƙasa. Ku san ta don za ku gan ta a jarida, amma kada ta fito daga bakinku gaban babba, ko gaban mace, ko a ofis. Kunyar da ta hana ka faɗin irinta da Hausa gaban surukinka ba ta gushewa don ka sauya harshe.

Bambanci tsakanin shammata da sakaci ya wuce darasin aji, don hukunci ne a kan wa ke da laifi. Mutanen Zango sun ɗanɗana kowanne. Ranar 11 ga Janairu 1994 aka sanar daga Dakar cewa an karya darajar sefa da rabi. Faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. An daɗe ana raɗe-raɗi ana musantawa, masu kunne a sama sun fitar da kuɗinsu waje. Ƙaramin ɗan kasuwa da ya kwana da jarinsa a akwati ya wayi gari rabin ƙarfinsa na sayo kayan waje ya tafi. Wannan shammatar sa aka yi. Wanda ya ce gyangyaɗi ya yi, ya zalunce shi.

Ranar 27 ga Mayu 2003 babbar kasuwar Wagadugu, Rood Woko, ta kama wuta. Shekara da shekaru ana kallon rumfuna da tebura suna cinye hanyoyin da aka bari don wucewa, har ranar da 'yan kwana-kwana suka iso suka sha wuya kafin su kai ga wutar. Kasuwar ba ta sake buɗewa ba sai Afrilun 2009. Nan kam ba a kira shi shammata. Gyangyaɗi ne, kuma da masu kula da kasuwa da masu kafa tebur a tsakiyar hanya kowa da rabonsa. Ambaliyar da ta auka wa Wagadugu ranar 1 ga Satumba 2009 ita ta haɗa biyun. Ruwa sama da milimita 260 ya sauka cikin ƙasa da yini guda, wajen sulusin ruwan shekara, ya shafi mutum kimanin 150,000, ya shiga asibitin Yalgado Ouédraogo har aka kwashe marasa lafiya. Irin wannan ruwa ba wanda ya zata. Amma magudanan da shara ta toshe da gidajen laka a cikin kwari, an daɗe ana wucewa ta gabansu.

Sai wadda ta fi taɓa zuciyar ɗan Zango. "Half-baked," abin da aka sauke daga tanda bai gasu ba. Ana faɗin ta ga dabarar da aka fara aiwatarwa ba a gama tunanin ta ba. Mu muna da ɗanyen aiki, muna da ɗanyen kasko da ba ya kai ruwa bayan ɗaki. Ga misalinta a gida: a 2001 aka bayyana wa jama'a shirin ZACA, na mai da tsakiyar Wagadugu cibiyar kasuwanci da ofisoshi. Hekta 85 ya shafa, da mutum wajen 12,500 na Zangwetin da Tiyedpalogo da Kamsongin da wani yanki na Kuluba da maƙwabtansu. An yi gardama, an yi zanga-zanga, ƙarshen 2003 buldoza ta shiga. Ku lura da shekarar, ita ce wadda kasuwa ta ƙone. Akwai waɗanda suka rasa rumfa da muhalli tsakanin damina ɗaya. An biya diyya, an ba da filaye a Waga 2000 da Niyoko, wannan gaskiya ce kuma dole a faɗe ta. Sai dai duk wanda ya bi ta wurin shekaru bayan rusau ya ga fili fetal, ciyawa ta rufe inda gidaje da zaurukan karatu suke, benaye sai ɗaiɗai. A ganina rashin shirin nan ba na waɗanda aka tasa ba ne. An yi gaggawar rushewa kafin a shirya ginawa. In marubucin Ingilishi ya kira irin wannan aiki "half-baked," masu zana taswira yake zargi. Ɗalibin da bai san haka ba zai karanta labarin unguwarsu ya ɗauka kakansa ake wa gori, alhali kare shi ake yi.

Akwai abin da na lura da shi. Waɗannan na Ingilishi da muka kawo, galibinsu bayan ɓarna ta auku suke magana: ƙwallo ta suɓuce, bindiga ta tashi, tangaran ya tarwatse. Hausa ma tana da irinsu, fargar Jaji, ihu bayan hari. Amma babbar maganarmu a kan shiri tun kafin a ɗaura kaya take faɗakarwa, kuma daga bakin matafiya ta fito: ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya san gora ya san dalili. Sai an tsinke ta an bar ta ta bushe, an huda bakin, an ƙwaƙule 'ya'yan da abin da ke ciki, an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubarwa ana sakewa har ɗacin ya fita, sannan ruwanta ya shawu. Madugun da zai ja ayari wata da watanni zuwa Gwanja ba ya tsayar da jama'a don wanda ya zo da ɗanyar gora da asubar tashi. Yaron da aka fara buɗe wa "half-baked" ta kan ɗanyen kasko da wannan gora zai riƙe ta har tsufansa. Wanda aka miƙa wa fassarar Faransanci kawai, harshe biyu da ba a yi masa goyo da su ba ne ke tsakaninsa da ma'anar, kuma bayan jarrabawa za ta zube.

Kada kuma a ɗauka kowa a ƙasashen Ingilishi haka yake magana. A Paga broka ake yi, a zangon Kumasi Hausarka ta ishe ka ci da sha da masauki. Waɗannan maganganu a jarida suke, da labaran rediyo, da saƙon dillalin da ke turo maka kaya, da takardar jarrabawar bak ta kammala sakandare, da ganawar neman aiki a ƙungiyoyin agaji da kamfanonin haƙar zinariya na Kanada da Ostareliya, tun da zinariya ta kere auduga a kayan da ƙasar nan ke fitarwa a 2009. Shawarata a fahimce su duka, a furta kaɗan. Wanda bai tabbata ba ya faɗi maganarsa a miƙe, ya ce ban shirya ba, ko hannuna ne ya suɓuce; ba wanda zai raina shi. In kuma za a furta, ba a sauya musu kalma. Wanda ya sa saniya a wurin bijimi ya kashe maganar, kamar wanda ya ce ba a fafe ƙwarya ranar tafiya. Sannan a duba wa ake gaya wa. Masu sauƙin, ka faɗa a kan kanka ko a kan sa'anka. Ba a faɗa wa maigida, ba a faɗa wa Alhajin da ya ba ka jari, ba a faɗa wa jami'in da takardarka ke hannunsa.

Kirana ga malaman Ingilishi na lakwal da na makarantun Faransanci da Larabci da ke karantar da 'ya'yan Zango: in kun zo kan karin magana, ku tsaya ku tambayi yara yadda ake faɗin irinta a gida, da Hausa ko da Moore ko da Fulatanci, kafin ku rubuta fassara a allo. Ku gaya musu wadda ke tsokana da wadda ke tuhuma, da wadda ba a faɗa gaban manya. Ku kuma samari da 'yan mata, wanda duk ya ji wata magana a hanyar Tema ko a sharhin ƙwallo ta ɗaure masa kai, ya rubuta ta, ya kai wa malaminsa, ya kuma zauna da Baba ko Inna ya tambayi takwararta da Hausa tun suna nan.